Yaran Hawkins da Suka Farfaɗo da Tsohuwar Waƙa

A Yulin 2016 Netflix ta saki Stranger Things, labarin yaran wani ƙirƙirarren gari a Amurka, Hawkins, masu yawo kan kekuna suna neman abokinsu Will da dodo ya ɗauke a 1983.

Manya suka ga ƙuruciyarsu a ciki: kaset, oba-oba, tarho mai igiya. Matasa kuwa suka manne wa Eleven, yarinya mai askakken kai da ke haɓo duk lokacin da ta motsa abu ba tare da ta taɓa shi ba.

A 2022, da waƙar Kate Bush ta 1985, "Running Up That Hill", ta ceci Max, ɗaya daga cikin yaran, a cikin labarin, masoya suka yi wa waƙar rububi har ta zama ta ɗaya a Birtaniya.