SAYEN FULAT A GIDAN BENE NA HAƊAKA: ABIN DA YA KAMATA ƊAN KASUWA YA SANI A KEFFI

KEFFI, Jihar Nasarawa: Bisa al'ada, idan Bahaushe ya ce ya sayi gida, to yana nufin ya mallaki fili da katanga da duk abin da ke cikinta, tun daga zaure har zuwa rijiya. To amma tsadar filaye da kayan gini ta kawo wani salon ciniki a garuruwan da ke maƙwabtaka da Abuja, inda mai gini yakan tayar da bene mai sassa huɗu ko shida, wato abin da ake kira fulat, sa'annan ya sayar da kowane sashe ga mutum daban. Wannan ciniki yana da amfani, amma ƙa'idojinsa sun sha bamban da na sayen gida sukutum, kuma wanda bai san su ba yana iya zuba jarinsa inda ba zai iya fitar da shi ba.

Dalilin da ya sa Keffi ta shiga wannan kasuwa

Keffi tana da nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja. Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, da mazaunin Gwamnatin Tarayya ya koma Abuja daga Legas, ma'aikata da 'yan kasuwar da tsadar haya ta hana su zama cikin birnin suka riƙa gangarowa ta Nyanya da Mararraba da Masaka, har cunkoson ya doshi Keffi. Ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, da kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da kuma Jami'ar Jihar Nasarawa wadda aka yi dokar kafa ta a 2001, sun ƙara wa garin malamai da likitoci da dubban ɗalibai masu neman muhalli. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Keffi sun haura 90,000. Duk wanda ya zaga unguwanni irin su Angwan Lambu, zai ga yadda gidajen haya suka bunƙasa saboda ɗalibai.

Ta fuskar tattalin arziki, hikimar bene a fili take. Fili ɗaya da zai ɗauki iyali ɗaya, idan aka hau sama zai ɗauki iyali shida, kuma su shidan ne za su raba kuɗin fili da na harsashi da na rufi da na rijiyar burtsatse. Wannan hikima ta ƙara ƙarfi bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, har ya zamanto a watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu garuruwa.

Me mai saye yake mallaka?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma amsarta tana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da mutum yake samu shi ne izinin zama da amfani da fili, wanda ake ba da takardar shaidarsa, galibi na tsawon shekara 99 idan filin na gidan zama ne. Takardar kuwa ta fili ce, kuma mafi yawa sunan mai gini ne a kanta. Ke nan wanda ya sayi fulat a hawa na biyu, ƙafarsa ba ta taka ƙasar da aka rubuta da sunansa ba.

Wasu ƙasashe sun warware wannan matsala da doka ta musamman. Jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya ta yi tata a 1961, Faransa a 1965, Afirka ta Kudu a 1971, Kenya kuma a 1987, ta sake sabunta ta a 2020. A ƙarƙashin irin waɗannan dokoki, kowane sashe yana da rajistarsa, masu sassan kuma suna zama ƙungiya guda mai alhakin kula da ginin. A Nijeriya babu dokar tarayya irin wannan, don haka yarjejeniyar da aka rubuta tsakanin mai gini da mai saye ita ce kusan dukan garkuwar mai saye.

Hanyar da lauyoyi suka fi bi ita ce mai gini ya rubuta wa mai saye takardar hayar dogon zango, wadda za ta ci sauran shekarun da suka rage a takardar filin in ban da 'yan kwanaki, ko kuwa ya miƙa masa kason haƙƙinsa a kan filin tare da sashen. Kowace aka bi, sashe na 22 na dokar ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar, ko a jinginar, ko a ba da irin wannan haya, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989 a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda bankin ya rasa ikon sayar da gidan da aka jinginar masa saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Idan banki mai tarin lauyoyi zai faɗa wannan rami, ɗan kasuwa mai rasit ɗaya a aljihu ya fi kusa da shi.

Yana da kyau a sani cewa mallakar sama da ƙasa ba baƙon abu ba ne a fiƙihun Malikiyya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya yi bayanin cewa gyaran ƙasan bene yana wuyan mai ƙasa, kuma idan ya raunana ana tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Wato tun fiye da shekara dubu malamai suka gane cewa lafiyar na sama tana rataye da halin na ƙasa.

Binciken takardu

Kafin a ba da ko da kafin alƙalami, wajibi ne lauyan mai saye, ba lauyan mai gini ba, ya binciki rajistar filin a hukumar NAGIS, wadda aka kafa zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura domin adana bayanan filayen jihar cikin kwamfuta. Binciken zai nuna sunan mai filin, da shekarun da suka rage, da ko ana bin sa harajin fili, da kuma abin da ya fi kome muhimmanci, ko an jinginar da takardar a banki. Masu gini da dama da bashi suke aiki. Idan filin yana jingine, mai gini ya kasa biya, banki yana iya neman sayar da ginin gaba ɗaya ba tare da la'akari da wanda ya biya kuɗin sashensa lakadan ba. Maganin wannan shi ne a sami rubutacciyar amincewar bankin cewa ya saki wannan sashe.

Har ila yau, filaye da yawa a tsofaffin garuruwa irin Keffi suna tafiya ne da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa, ko takardar ƙaramar hukuma. Waɗannan suna da amfani wajen nuna asalin fili, amma bisa dokar 1978, filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin ikon gwamna ne, ba ƙaramar hukuma ba. Idan kuma filin na gado ne, a tabbata an raba gadon, ko dukan magada sun sa hannu.

Binciken gini

Bayan takardar fili sai tsarin ginin da Hukumar Raya Birane ta Jihar Nasarawa ta amince da shi. A gwada shi da abin da ke tsaye a ƙasa. Idan an amince da hawa biyu aka gina uku, to hawa na ukun yana cikin haɗarin rusau, harsashin kuma yana ɗauke da nauyin da ba a auna masa ba. A ɗauko injiniya mai rajista ya duba ginshiƙai da tsagewar bango da alamun yoyo, kuma zai fi kyau a ziyarci ginin da damina.

Wasu masu gini sukan sayar da sassa tun ana harsashi, da rangwamen farashi. Wannan cinikin biri a sama ne, sai an ɗaure shi da sharuɗɗa: a biya kashi-kashi bisa matakin da aiki ya kai, a rubuta ranar miƙa makulli, da abin da za a yi idan ranar ta wuce. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka fiye da mutum 40, ana cikin gininsa ne kuma ana tallata sassansa.

Kayan taro da kuɗin hidima

A nan ne mafi yawan rigingimu suke tasowa, domin Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Rufi da matattakala da tankin ruwa da ramin masai da katanga da ƙofar shiga, duk na kowa ne. Idan rufi ya yi yoyo, na sama ne yake jiƙa, na ƙasa ya ce babu ruwansa. Idan rami ya cika, na ƙasa ne yake shan wari, na sama ya kau da kai. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa abin da kowa yake mora amma ba a ɗora wa kowa alhakinsa ba, shi ne yake fara lalacewa, kuma lalacewarsa tana karya darajar kowane sashe, har na wanda yake biyan nasa kason.

Saboda haka yarjejeniya ta fayyace kason kowa, da wanda zai riƙe asusu, da yadda za a yi da wanda ya ƙi biya, kuma ta ɗaure duk wanda zai sayi sashen nan gaba ko ya gaje shi. Ban da kuɗin yau da gobe na maigadi da shara da man janareta, a ware asusun ajiya domin manyan gyare-gyare irin sauya kwanon rufi ko famfon burtsatse. Kowane sashe ya sami mitarsa mai kati daga kamfanin AEDC mai raba wutar lantarki a jihar, domin mitar haɗaka tana jawo wa mutum bashin da bai ci ba. A kuma rubuta ko an yarda a mayar da sashe shago, ko masaukin baƙi, ko ɗakin kwanan ɗalibai, domin magidanci mai iyali da mai neman kuɗin haya ba buƙatarsu ɗaya ba.

Lissafin kuɗi

Mu ɗauki misali domin saukaƙa bayani. A ce an sayi fulat Naira miliyan 20, ana kuma karɓar hayar Naira miliyan 1.2 a shekara, wato kashi 6 daga cikin ɗari na jarin. Idan aka cire Naira 300,000 na gyara da hidima da watannin da babu ɗan haya, saura Naira 900,000, wato kashi 4.5 daga cikin ɗari. A watan Disambar 2024 kuwa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 daga cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce haya kaɗai ba ta riƙe darajar jari. Ribar tana ga tashin farashin kadarar. A garuruwanmu kuma fili ne yake tashi, gini tsufa yake yi, mai fulat kuwa kason fili kaɗan gare shi. Daɗin daɗawa, garin da hayarsa ta dogara ga ɗalibai yana jin jiki idan aka rufe makaranta, kamar yadda aka gani a garuruwan jami'a lokacin yajin aikin malamai na wata 8 a 2022.

Ga mai neman rance, Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana karɓar kashi 2.5 daga cikin ɗari na albashi, Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya kuma yana ba masu zubi rance da ruwan kashi 6 daga cikin ɗari, a biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. Rancen Naira miliyan 10 na shekara 20 a kan wannan ruwa zai ci kimanin Naira 71,600 kowane wata. Idan ruwan ya zama kashi 25, biyan zai koma kimanin Naira 209,800. Ga masu guje wa riba, akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank a 2019, kuma a tsarin irin waɗannan bankuna ana sayen gida ta hanyar ijara ko tarayyar da kason banki yake raguwa a hankali. Sai dai kowane mai ba da kuɗi zai fara neman ingantacciyar takarda. Fulat marar rajista ba ya karɓuwa a matsayin jingina, kuma ranar da ɗan kasuwa ya buƙaci kuɗi cikin gaggawa, masu saye kaɗan ne za su taya.

A ƙarshe, mai saye ya tanadi ƙarin kuɗi a kan farashi domin la'adar dillali da ladan lauya da na safiyo da kuɗin hatimi da na rajista da na neman amincewar gwamna. Waɗannan su ne mutane suka fi ƙyashin biya, alhali su ne suke mayar da rasit ya zama mallaka. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke son muhalli kusa da Abuja da kuɗin da bai kai na gida sukutum ba, fulat a Keffi hanya ce mai ɓullewa, muddin ya ga rajistar filin da idonsa, injiniyansa ya duba ginin, ya kuma karanta yarjejeniyar zama da maƙwabta kafin ya sa hannu.