Sulhu Bayan Kuskuren Mai Magani: Haƙƙin Magada da Haƙƙin Al'umma

A ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun, idan majinyaci ya rasu a hannun mai magani, dangi sukan ce sun yafe, a ɗauka magana ta mutu. Fiƙihun Malikiyya, wanda dokar laifuffuka ta Shari'a a Zamfara ta dogara da shi tun shekarar 2000, ya rarrabe lamarin.

A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya sanya likitan da ya zarce iyaka wajen kaciya a babin kuskure: babu ƙisasi, sai diyya a kan danginsa na wajen uba. Diyyar rai haƙƙin magada ce. Baligi mai hankali yana iya yafe rabonsa, amma yafewarsa ba ta shafar rabon maraya, kuma a nan ne sulhun zaure yakan yi tuntuɓe.

Wanda ya yi magani alhali bai san aikin ba, hukuncinsa daban ne. Ibnu Rushd ya ambata a Bidayatul Mujtahid cewa ana yi masa bulala da ɗauri, ban da diyya. Wannan ladabtarwa haƙƙin al'umma ce, magada ba su mallake ta ba balle su yafe. A tsarin mulkin Nijeriya ma, sashe na 211 ya bai wa Antoni Janar na jiha ikon janye ƙarar laifi, bisa la'akari da maslahar jama'a.