Dafin Zurma da Yadda Yake Kashe Ƙwayoyin Jiki

Zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, takan tsiro a juji da bakin kogi a ƙasar Wudil, inda shanu ke ratsawa zuwa kasuwar Juma'a. A cikin 'ya'yanta akwai wani furotin mai dafi, risin, wanda Stillmark ya gano a Jami'ar Dorpat cikin 1888.

Risin tsagi biyu ne a haɗe. Ɗaya shi ke manne wa sukarin da ke bayan ƙwayar jiki, sai ƙwayar ta haɗiye dafin da kanta. Can ciki ɗayan ya kuɓuce, ya auka wa ribosom, watau masaƙar da ke haɗa furotin, ya cire mata ɗan sinadari ɗaya tak, adenin, kamar yadda Endo ya nuna cikin 1987. Masaƙa ta tsaya, sannu a hankali ƙwaya ta mutu. Shi ya sa amai da gudawa ba sa bayyana sai bayan sa'o'i.

Dafin ba ya bin mai, a tunkuza yake zama. Saboda haka kada a ba dabba tunkuzar zurma, kada kuma yara su tauna 'ya'yan.