Gudummawa Bayan Ambaliya: Iri Ya Fi Tsaba

Manoman bakin kogi ba za su manta da daminar 2012 wadda suka gani da idonsu ba. A shekaran nan ta 2012 ruwa ya yi yawa, aka kuma buɗe madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, sai Binuwai da Kwara suka cika suka batse. Ruwa ya cinye gonaki da rumbuna, har ya yanke hanyar mota a Lakwaja. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu.

A watan Oktoba na shekarar, Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar gudummawa ta naira biliyan 17.6. Daga ciki aka ba jihohi biliyan 13.3, sauran aka ba ma'aikatun Gwamnatin Tarayya. An kasa jihohi kashi huɗu gwargwadon ɓarna. Adamawa da Binuwai da Kogi da Filato suna cikin waɗanda suka sami miliyan 500 kowace. Kano da Jigawa da Kaduna da Bauchi miliyan 400, Katsina da Gombe miliyan 300, Sakkwato da Kabi da Zamfara miliyan 250. An kuma kafa kwamitin neman taimako, Alhaji Aliko Ɗangote yana cikin shugabanninsa.

Wannan kuɗi kyauta ce, ba rance ba, ba a biya. Amma fa a yi lissafi. In an raba rabon jihohi ga waɗanda suka bar gidajensu kaɗai, kowa ba zai sami naira 7,000 ba. To, ashe gudummawa ba ta mayar wa mutum abin da ya rasa. Amfaninta shi ne ta tsai da shi bisa ƙafafunsa ya koma gona.

Nan ne maganar iri ta shigo. Tsabar da aka raba a sansani abinci ce, ana bukatarta, amma cikin 'yan makonni ta ƙare. Mudun iri kuwa, in ya shiga ƙasa kan lokaci, shi ke cika buhu. Ambaliya tana barin laka mai taki da danshi a fadama. Wanda ya shuka masara mai saurin nuna, ko wake, ko dankali, da zarar ruwa ya janye, yakan girbe cikin kamar wata uku. Saboda haka ne Ma'aikatar Gona ta Tarayya, zamanin minista Akinwumi Adesina, ta raba iri mai saurin nuna, ta kuma ƙarfafa noman shinkafa na rani a jihohin Arewa bayan wannan ambaliya. Irin da ya iso bayan ƙasa ta bushe kuwa, sai ga mai injin ban-ruwa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Abin da ya wajaba ga manomi shi ne ya kai rahoto ga mai unguwa ko dagaci tun ruwa bai gama janyewa ba, ya faɗi girman gonarsa da abin da ya shuka, ya kuma tabbata an rubuta sunansa. Da wannan takarda akan je ƙaramar hukuma da hukumar agaji ta jiha, wanda ba ya ciki kuwa ba ya cikin rabo. Mutanen gari in sun haɗa kai sun nemi abin da zai amfani kowa, kamar gyaran rijiya ko kwalbati ko injin ban-ruwa, maganarsu ta fi nauyi.

Malaman ofis masu rubuta sunaye, amana ce a hannunsu. Sunan ƙarya guda, gidan wani mai haƙƙi ne ya kwana da yunwa. 'Yan kasuwa kuma kada su sayi irin gudummawa su kai shi layin hatsi, gama galibi an cuɗa shi da magani, cinsa haɗari ne.

Ruwa ya sake ɓarna a 2022, madatsar Alau kuma ta fashe a kan Maiduguri a watan Satumba na 2024. Wanda ya ɗaga irinsa ya ajiye a tudu tun kafin Agusta, ba zai jira kowa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.