Bayan haramcin tekawe: mazubin da Obalende ke jira yana gonakin Arewa

A watan Janairun 2024 gwamnatin jihar Legas, ta bakin kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab, ta haramta farar robar zuba abinci da aka fi sani da tekawe, saboda yadda take toshe magudanan ruwa. Dokar ta fi shafar ƙananan 'yan kasuwa: masu tuwo da shinkafa a tashar Obalende da unguwannin Hausawa na Agege, waɗanda ribarsu ba ta ɗaukar mazubi mai tsada.

Abin da zai maye gurbinta ba baƙo ba ne ga manomin Arewa: tuƙar rake, ɓuntun shinkafa da zaren rama. Ana niƙa su, a kwaɓa da abin da zai riƙe su kamar sitacin rogo, sannan a matse cikin ƙarfe mai zafi mai siffar kwano. Zaren ke ba da ƙarfi, sitacin ke haɗe shi. Idan aka yar, ƙasa za ta cinye. Indiya da Sin sun daɗe suna yin faranti da tuƙar rake.

Kayan aikin na nan jibge. Akwai masana'antun sukari a Numan da Sunti, ga injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi. Cibiyar FIIRO tana Oshodi tun 1956, hukumar RMRDC kuma tana Abuja, duk domin sarrafa albarkatun gida.

Sai dai akwai cikas. Zaren tsiro yana shan ruwa, don haka miya mai zafi da manja kan sa mazubin ya yi laushi, sai an shafe cikinsa da abin da zai tare danshi. Busarwa da matsewa kuma suna cin wutar lantarki. Farashi ba zai sauka ba sai an ƙera da yawa, ba kuma mai kafa masana'anta sai ya ga mai saye.

A nan ne batun ya dawo Abuja. A watan Yunin 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta hana amfani da robar yi-ka-yar a ma'aikatu da hukumominta. Da jami'an sayen kaya za su sharɗanta wa 'yan kwangilar abincin taro yin amfani da mazubin tsiro ƙirar gida, da masana'antu sun samu kasuwar farko mai tabbas. Daga nan ne farashin zai iya saukowa har ya kai ga mai tuwo a Obalende.