Kwandalar Yaman a gonar Amurka: Yadda masu tara tsabar kuɗi suka bi sawun ɗan fashin teku

A shekarar 2014, wani mai sha'awar tarihi mai suna Jim Bailey yana yawo da na'urar gano ƙarfe a wata gona da ke Middletown, a jihar Rhode Island ta Amurka, sai ya tono wata 'yar ƙaramar kwandalar azurfa mai rubutun Larabci. Bincike ya nuna a Yaman aka buga ta, a shekarar 1693. Tambayar da ta biyo baya ita ce: me ya kai ta can, alhali a wancan zamani babu cinikin kai tsaye tsakanin yankin da ƙasar Larabawa?

Kwandala ɗaya ba ta kafa hujja. Ana iya cewa wani matafiyi ne ya yar da ita daga baya. Abin da ya ba ta nauyi shi ne wasu masu irin wannan sha'awa sun tono 'yan uwanta fiye da goma a jihohin Massachusetts da Connecticut da Rhode Island ɗin kanta.

A nan ne intanet ta sauya wannan fage. Wanda ya tsinci kwandala yakan ɗauki hoton fuskokinta biyu, ya auna nauyinta da faɗinta, ya faɗi inda ya same ta. Wani da ya iya Larabci ya karanta sunan sarki da shekarar Hijira, wani kuma ya gwada ta da hotunan da ke rumbuna irin su Zeno da Numista, waɗanda masu sha'awa ke cikawa da kansu.

Bailey ya danganta kwandalolin da Henry Every, ɗan fashin tekun Ingila da ya tare jirgin Ganj-i-Sawai a Satumban 1695. Jirgin na Sarki Aurangzeb na Indiya ne, yana ɗauke da alhazai da dukiya mai yawa a hanyarsa ta komawa Surat. 'Yan fashin sun azabtar da fasinjoji, sun ci zarafin mata. Ingila ta sa lada a kan Every, an rataye biyar daga mutanensa a 1696, amma shi ya ɓace har abada. A ganin Bailey, kwandalolin sawun 'yan fashin ne da suka saje da jama'a a Amurka.

Ba kowa ya gamsu ba. Wasu masana sun ce Every ba shi kaɗai ke fashi a Tekun Indiya ba, kuma fataken bayi da ke zuwa Madagaska ma suna iya kawo irin wannan kuɗi.

Abin da zai raba gardamar shi ne ƙarin kwandaloli masu shekara a fili, waɗanda aka rubuta inda aka tono su. Wadda aka goge har rubutunta ya shafe, ko aka sayar ba tare da bayanin asalinta ba, ta fita daga sahun shaidu.