Shin iyaye sun san nauyi da tsayin 'ya'yansu?

Masu shagunan sayar da magani a Sabon Gari da Fagge cikin birnin Kano sun saba da irin wannan ciniki: magidanci ya shigo da daddare, ya ce jikin yaronsa ya yi zafi, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro.

Mai kemis zai tambayi shekarun yaron, idan kuma mai lura ne ya tambayi nauyinsa. A nan ne akasari uban kan yi shiru, sannan ya ɗaga hannu daidai ƙugunsa, ya ce yaron ya kai kamar haka.

Tambayar tana da dalili. Maganin Coartem da ire-irensa, waɗanda aka fi ba masu zazzaɓin, da nauyi ake auna su. Yaron da ke tsakanin kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, daga kilo 15 zuwa ƙasa da 25 kuma ƙwaya biyu. Ke nan yaro mai kilo 16 da aka ɗauka kilo 13 ne zai shafe kwana uku yana shan rabin abin da ya kamata.

Shi ma farasitamol haka yake: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo guda, idan ya yi yawa kuma yana illata hanta.

Me bincike ya nuna?

An daɗe ana gwada maganar iyaye da abin da sikeli ya nuna, musamman a ƙasashen Turai da Amurka.

A shekarar 2009 masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun kwatanta alƙaluman da iyaye suka faɗa da waɗanda ma'aikata suka auna. Sun gano cewa iyaye kan rage wa ƙananan yara tsayi, abin da ya sa yara da dama suka fito a lissafi kamar masu ƙiba alhali ba haka suke ba.

Wani nazari da mujallar Pediatrics ta buga a 2014, wanda ya tattara bincike 69, ya nuna cewa kusan rabin iyayen da 'ya'yansu ke da ƙiba fiye da ƙima ba su ɗauke su a matsayin masu ƙibar ba.

To sai dai wannan ba ya nufin maganar iyaye ba ta da amfani. A sassan ba da agajin gaggawa na asibitoci an sha gano cewa ƙiyasin uwa ya fi na likitan da ya kalli yaro da ido, ya kuma fi lissafin da ake yi da shekaru. Amma da sharaɗi: a ce ba a daɗe da ɗora yaron a sikeli ba, kuma uwar ta riƙe lambar.

Inda gizo ke saƙa

Wannan sharaɗin ne ke da wuyar cikawa a Kano.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne aka yi a asibiti, a arewa maso yamma kuwa kimanin kashi 16. Jariri ɗaya cikin huɗu ne kawai aka iya samun nauyinsa na haihuwa. Saboda haka ne masu binciken kan tambayi uwa ko ɗan nata ya zo babba, ko matsakaici, ko ƙarami.

Ko waɗanda suka faɗi lamba ma, an lura amsoshinsu kan taru a kan kilo 3 ko kilo 2 da rabi cif. Matsalar ita ce ƙasa da kilo 2 da rabi ne ake lissafa jariri a matsayin mai ƙarancin nauyi, don haka ɗan cikon da aka yi wa lambar kan fitar da shi daga jerin masu bukatar kulawa ta musamman.

Bayan haihuwa, akasarin awon da ake yi wa yaro a wurin allurar riga-kafi ne, inda ake rubuta nauyinsa a kati. Asalin irin wannan kati ma daga Najeriya yake: wani likitan yara ɗan Birtaniya, David Morley, ya ɓullo da shi lokacin da yake aiki a garin Imesi-Ile da ke jihar Osun ta yanzu, fiye da shekara 60 da suka wuce. Amma da zarar an gama allurai, kafin yaro ya cika shekara biyu, shi da sikeli sai idan rashin lafiya ta kai shi asibiti.

Tsayi kuwa ya fi shiga duhu. A gidaje da yawa tela ne kaɗai ke ɗora wa yaro tef, shi ma sai Sallah ta gabato an yanko yadi a Kantin Kwari. Kuma abin da tela ke nema shi ne tsawon riga da na wando, ba daga ƙoƙon kai zuwa diddige ba.

Nan ne kuma ido ya fi yaudara. Binciken na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A arewa maso yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken da ya biyo baya a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin na ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa kashi 40.

Uwa da 'ya'yan maƙwabta take gwada ɗanta. Idan fiye da rabin sa'o'insa gajeru ne, ba abin da zai ja hankalinta, idan ma an lura sai a ce gado ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nazarin wannan batu kafin ta fitar da ma'auninta na girman yara a 2006. Ta bi yara fiye da 8,000 a Ghana da Oman da Indiya da Brazil da Norway da Amurka, ta kuma tarar cewa idan suka sami nono da abinci da kulawa yadda ya kamata, girmansu a shekarun farko kusan ɗaya yake, duk da bambancin jinsi.

Akwai kuma al'ada. Ba kowace uwa ce za ta buɗe baki gaban jama'a ta ce ɗanta ya yi ɓulɓul ba, saboda tsoron baki, balle ma idan ɗan fari ne da ake yi wa kara. Shekarun ma sau da yawa da azumi ko Sallah ake ƙirga su, alhali jadawalin asibiti da watanni yake aiki.

Darasin Mirriya

A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar an gwada wata hanya. Maimakon a tambayi uwa, sai aka ba ta abin awo.

Ƙungiyar likitoci ta ALIMA da takwararta ta Nijar, BEFEN, sun koya wa mata yadda ake zagaya damtsen yaro da wani siririn tef mai launi uku. Ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, ja na nufin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, wato tamowa mai tsanani. Rawaya gargaɗi ne, kore kuma lafiya.

A babban gwajin da aka yi tsakanin 2013 da 2014 an horar da mata fiye da 12,000, da yawansu ba su yi karatun boko ba. Awon nasu bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba, kuma a yankin da iyaye ke awon an fi kai yara da wuri, waɗanda aka kwantar a asibiti kuma ba su kai na ɗaya yankin yawa ba. Daga baya hukumomi irin su UNICEF sun yaɗa tsarin zuwa ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya.

Tef ɗin dai ba ya nuna kilo, ba ya kuma gano tsumburewa, don haka ba zai amsa tambayar mai kemis ba. A inda babu sikeli, ma'aikatan lafiya kan nemi wata dabara: lokacin rabon maganin tsargiya a makarantu, jikin wata sanda mai zane-zane ake tsayar da yaro, inda kansa ya tsaya ne ke nuna ƙwaya nawa za a ba shi.